Daɓen Bakin Gada

Lahadi, bayan la'asar, bazarar 1963

Rola ta mutu. Wannan ƙatuwar motar ƙarfe mai danne ƙasa a bakin gada, yau da hantsi ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tsaya cak. Furera matar ɗana ce ta kawo mini labari, ko tulun kanta ba ta sauke ba.

Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce mu riƙa rubutu kullum kada hannu ya manta. To, yau na sami abin rubutawa.

Gwamnati ta ba da kuɗin gada a kan rafin da ya raba mu da hanyar Gwarzo, don motoci su riƙa shigowa har garinmu Dugabau su kwashi gyaɗa. Siminti da ƙarfe da magina nata ne. Cikon ƙasar bakin gada, inda mota za ta hau, namu ne, aikin gayya. Mutanen garin Jama'a da ke wancan ƙetaren sun gama nasu tun rola na da rai. Namu ne ya rage, ga jar ƙasa nan jibge, yaro ma ya taka sai ƙafarsa ta nutse. Ginshiƙai sun tashi, saura a zuba saman gada. Malam Lukuman mai duba aikin ya ce injiniya zai zo daga Kano kafin Babbar Sallah. In ya tarar ƙasar ba ta dannu ba, ba zai yarda a zuba siminti ba, don ruwan farko zai kwashe ta ya tone gindin ginshiƙi. Sai a ɗauke simintin a kai wata hanyar, mu kuma mu koma ɗaukar buhu a ka.

Wanda ya tsaya gaban hakimi ya ɗaukar wa garin nan alkawarin ciko, ɗan farina ne. Ba na kama sunansa. Mu a wurinmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa magana ido da ido, balle ta yabe shi. Tun yaye aka kai shi gidan Bappa Sajo, wan mahaifinsa, sai da ya yi aure ya dawo gidan nan. Gwaggo yake ce mini. A littafin nan zan riƙa ce masa Wancan.

Litinin, da hantsi

Wancan bai ci tuwon jiya ba. Ni ban tambayi kowa ba, kwanon na gani.

Talata, bayan azahar

Na kai nono kasuwa, sai ga Datti mai jakai. Shi ne ke saye gyaɗarmu a wulaƙance duk kaka, ya labta wa jakansa ya kai sikeli Gwarzo, don ya san ba mu da yadda za mu yi. Tun da aka fara gadar nan bai yi dariya ba sai yau.

Ya ce, "Altine, barka da rana. Ina gajiya? Yaya gida, yaya shanu, yaya zafin nan?"

Na ce, "Lafiya lau, Datti. Yaya iyali? Yaya jakai?"

Ya ce, "Jakai lafiya ƙalau, su ba sa shan mai. Na ji motar ɗanki ta kwanta jinya. An ce ƙarfen da ya karye sai an aiko da shi daga Ingila. Allah ya ba ta lafiya."

Na ce, "Amin. In nono za ka saya ka saya, ka tare mini iska."

Wallahi da ludayin nan na so in kwaɗa masa. Na haƙura don ludayin sabo ne.

Laraba, da yamma

Furera ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana sharar hawaye. Wai Wancan ya ce ranar da aka ɗauke simintin nan, ranar zai ɗaure tabarmarsa ya tafi Kano dakon buhu a dalar gyaɗa, kuma ba zai dawo ba. Shi ya tara mutane, shi ya hana samari tafiya cin rani, da wane ido zai dube su?

Na ce mata, "Ni me ya dame ni? Ki je ki gaya wa Bappansa."

Ta fita. Na zauna ina burga nono har man ya tashi ban sani ba.

Me ya dame ni! Ji ƙarya. Tun damunar da aka kawo mini sandar mahaifinsa da hularsa a jiƙe, ban sake bin ta rafin nan ba. Ya ɗauke mini ɗaya yana cike. Yanzu kuma a bushe yake son ya kore mini ɗayan.

Alhamis, da asuba

Ban runtsa sosai ba. Zafi ne.

Alhamis, da hantsi

Kai, Allah mai iko! Na je in sake wa Wule turke, saniyata ke nan mai farin goshi, wadda na zo da uwarta daga gidanmu. Na buga turken nan a tsakar garke, na buga, na buga, ya ƙi shiga, har kansa ya tsage. Na tsaya ina zagin ƙasa. Sai na dubi ƙasar da kyau. Wace rola ce ta taɓa shiga garken nan? Kofato ne kawai, safe da yamma.

To, ta yaya zan gaya masa?

Juma'a, bayan sallar asuba

Na sami hanya, har yanzu dariya nake yi ni kaɗai.

Wancan yana zaune a kan turmi bayan danga yana ɗaura takalmi, ni ina tatsa. Na ɗaga murya na ce, "Wule, ke da 'yan'uwanki kun mai da garken nan dutse, turke ya gagara shiga. Da wasu masu neman mai danne musu ƙasa suna da hankali, da ku suka nema."

Na ji ya daina motsi. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wule, ki gaya wa mai tatsarki, Bappa ba zai ba da shanu a bazarar nan ba. Ƙashi da fata ne."

Na ce, "Wule, ki ce masa Bappa ba nasa ba ne shi kaɗai."

Wule dai tuƙa take yi abinta. Furera kuwa tana madafa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. 'Yar banza.

Asabar, da yamma

Na je gidan Bappa Sajo. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi maruƙa, ya tambayi ciwon gwiwata. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ajiye carbi.

Ya ce, "Altine, kin taɓa ganin an kora shanu aikin gwamnati? A wannan rana? Ciyawa babu, ruwa sai an tona. Kina so in wayi gari da fatu a maimakon garke?"

Na ce, "Bappa, manoman garin nan kowa da harawar gyaɗa a kan rufin ɗaki. Gadarsu ce su ma. Su ciyar, mu taka."

Ya ce, "A'a."

Na sunkuyar da kai. Sannan na ce, "Da akwai gada a waccan damunar, da ƙaninka ne zaune a nan yana roƙonka, ba ni ba."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya ɗauki carbinsa. Na yi sallama bai amsa ba. Na dawo gida.

Lahadi, da sassafe

Kukan shanu ne ya tashe ni. Garken Bappa duka, da na surukansa na wajen Gude, sun nufi rafi. Shi ne a gaba da sandarsa. Na kwance Wule na tura ta cikinsu.

Talata, bayan magariba

Furera ce idona a can, ita ke kawo mini komai. Maza su zuba ƙasa kauri kamar tafin hannu, a yayyafa ruwa, a koro shanu su bi ta kai su dawo, su bi su dawo, sannan a sake zubawa. Harawa kuwa tsibi guda, har wanda bai taɓa ba maƙwabcinsa gishiri ba ya kawo dami. Mutanen Jama'a sun taru a nasu ƙetaren suna kallo suna tsiya, wai Fulani sun kawo rola mai ƙaho.

Jiya Malam Lukuman ya zo da sandar ƙarfe ya caka a tsakiya, ta ƙi shiga. Furera ta ce har hula ya cire ya sosa kai don murna. Amma da ya caka a gefe, kusa da ginshiƙi, sai ta shige sulu. Shanu ba sa yarda su matsa baki, suna tsoron gangaren. Ya ce gefen nan kuwa shi ruwa zai fara ci.

Da safe na ce wa Wule, "Inda kofato bai kai ba, madaɓi yana kaiwa." Daga bayan danga aka ce, "Wule, mata nawa za su fito?" Na ce, "Wule, ba ruwansa."

Laraba, da azahar

Ni ce zabiyar daɓe a garin nan tun ina da ƙuruciya. Babu ɗakin amaryar da aka daɓe ban ba da waƙa ba. Yau na bi gida gida. Na fara da Bilki matar Datti, don ita ce babbar 'yar amshina, muryarta kamar a tsaga ƙwarya.

Ta ce, "Yaya Altine, daɓen hanya? A rana? Gaban maza?"

Na ce, "Tsofaffi da zawarawa da duk wadda mijinta ya bari. Ke kuma jakan gidanku nake so, su yi mana jigilar ruwa."

Ta ce, "Tabɗi! Kina so a sake ni?"

Na ce, "Wa zai sake ki? Wa zai iya da Datti in ba ke ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Mun jiƙa makuba a manyan randuna, ɓawon ɗorawa duk na garin nan ya ƙare. Ruwanta ne ke sa daɓe ya yi baƙi ya ƙi shan ruwa.

Sai da na dawo gida na tuna inda za a yi daɓen.

Alhamis

Na je rafin.

Asabar, da yamma

Yashi ne kawai. Fari fat, da sawun awaki. Na tsaya ina kallonsa, na ce ashe kai ne. Sannan na ɗaura ɗamara na ɗauki madaɓina.

Mun jeru a gwiwa tun daga gindin ginshiƙi. Na ba da waƙa:

Ƙasa kwanta, ƙasa kwanta,
Mota na tafe da baƙi.

Suka amsa, madaɓai suka sauka tare, tim! Har cikin ƙirjina na ji. Shanu a tsakiya, mu a gefe, maza na zuba ƙasa, ƙura ta tashi. 'Yan tsiyar ƙetare suka yi tsit, zuwa azahar sai ga matansu sun gangaro da nasu madaɓan.

Abin dariya kuma, Datti. Bilki ta kwance jakai tun yana masallaci. Ya biyo su a fusace zai kora gida, sai ya ga wani ya ɗaga sanda zai doki jakarsa. Ya yi tsalle ya ƙwace sandar, wai ba mai dokar masa jaki. Tun jiya shi ke jigilar ruwan da kansa, yana yi yana mita. Na ce, "Sannu da aiki, Datti." Ya ce, "Ni jakaina nake tsaro."

Wancan yana wucewa ta gabana da kwandon ƙasa. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Ban dube shi ba.

Litinin, da la'asar

Wule ta faɗi. A tsakiyar ciko ƙafarta ta gaba ta karye, ta durƙushe. Bappa ya duba, ya girgiza kai. Aka kawo wuƙa.

Na ce a dafa wa masu aiki. Kowa ya ci nama yau. Ni na ce haƙorina ke ciwo.

Talata, da asuba

Na ɗauki ƙwarya na fita tatsa, sai turke. Wancan yana kan turminsa bayan danga. Ya yi gyaran murya, na yi gyaran murya. Ba wanda za mu gaya wa. Ya tashi ya tafi.

Laraba, bayan magariba

Hannuna da kyar yake riƙe fensir, amma sai na rubuta wannan.

Da safe Malam Lukuman ya ce injiniya gobe zai iso. Saura gefen gabas, mafi tsawo, ga hadari ya fara leƙowa. Mata sun gaji. Tafin hannu duk ya kumbura ya fashe, wasu sun naɗe da tsumma. Bayan azahar na ba da waƙa, amshi ya dawo mini a sanyaye. Na sake bayarwa, sai na ga madaɓai a ƙasa.

Bilki ta zauna dirshan ta ce, "Yaya Altine, mu fa mun gaji da daɓen da ba shi da mai shi. Ko wane daɓe zabiya tana kiran mai ɗaki, mu san don wa muke fasa hannu. Ke kullum sai ƙasa kwanta, ƙasa kwanta. Ɗakin wa muke daɓewa? Na gwamnati? Gwamnati ta san sunana?"

Na ce, "Ke kira shi mana."

Ta ce, "Ni 'yar amshi ce. Abin da zabiya ta bayar shi nake mayarwa."

Gaskiyarta, haka ake yi. Kuma duk sun san abin da suke tambayata. Na duba, ga Bappa tsaye jingine da sanda, ga surukai, ga maza cike da wuri. Ga Wancan can gindin ginshiƙi, kwando a ka, ya tsaya yana kallon madaɓan da aka zubar. Na ga fuskarsa. Fuskar mai ɗaure tabarma ce.

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na ce a raina, Altine, kunyar nan kin riƙe ta tun kina yarinya, ta ishe ki hira in ya tafi? Na ɗaga madaɓi, na buɗe murya yadda ban taɓa buɗewa ba, na kira shi. Da bakina. Na kira sunansa, na kira na ubansa, na ce mai gada, na ce nawa.

Sai Bilki ta rangaɗa guɗa, ta mayar mini da sunan, mata suka ɗauka gaba ɗaya. Wayyo, zo ka ga daɓe! Madaɓai na sauka kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, tsofaffin da suka ce bayansu ya riƙe su ne a gaba. Maza suka jefar da kwanduna suka kama tafi. Kafin rana ta faɗi mun kai ƙarshen gefen gabas, muka kwarara makuba, ya yi baƙi yana sheƙi.

Bappa ya wuce ta kusa da ni, bai dube ni ba, ya ce wa sandarsa, "Yau dai an zubar mana da mutunci." Amma na ga gemunsa na rawa, kuma ba don fushi ba.

Shi kuwa Wancan, kwandon ne ya sauko masa a fuska, ya daɗe bai ɗaga ba.

Na faɗa da baki. Fensir ne bai iya ba tukuna.

Alhamis, da la'asar

Mun ci! Alhamdu lillahi, mun ci!

An yi yayyafi da asuba, ruwan ya zame ta kan daɓenmu ya gangara, ko alama bai bari ba. Injiniya ya iso da hantsi. Ya taka, ya buga dunduniya, ya caka ƙarfe a tsakiya, ya caka a gefe, ya caka a gindin ginshiƙi. Sannan ya sa motar siminti da kayanta ta zagayo ta cikin yashi, ta hau cikon da baya har baki. Ni dai na rufe ido. Da na buɗe, ko sawun taya da kyar ake gani.

Ya tambayi Malam Lukuman ina aka samo wata rolar. Malam Lukuman ya nuna masa shanu, ya nuna masa mu. Mutumin ya yi ta dariya, ya zo ya ce a nuna masa madaɓi, ya jujjuya shi, ya gaishe mu da aiki har da rusunawa. Ya ce a fara zuba siminti ran Asabar.

Furera ta ce Wancan ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Ni ban tambaya ba.

Ranar Babbar Sallah, da yamma

Datti ya aiko mini da cinya guda ta ragon layyarsa. Bilki ta ce ya fara tambayar kuɗin tsohuwar mota. Oho dai.

Lahadi, tsakiyar damuna, bayan la'asar

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba, shuka da noma sun sha kaina. Bana kowa ya ƙara fili, gyaɗa har bakin burtali.

Jiya aka kwana ana ruwa, yau rafin ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa. Yau kuma aka buɗe gada. Motar farko ta taho daga Gwarzo da buhunan takin zamani, ta hau ta wancan ƙetaren, ta sauka ta kan daɓenmu, direba na ta busa ƙaho. Da kaka ita za ta fita da gyaɗarmu, mu kai sikeli da kanmu. Garin nan kaf ya bi bayanta da gudu, ana kiɗa, ana guɗa, kowa na son ya taka ya ƙetare ya dawo.

Ni na tsaya a bakin ciko. Ƙarar ruwan nan ita ce dai irin ta waccan shekarar. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Sai na ga Wancan ya baro hakimi da manyan baƙi a tsakiyar gada, ya ratso mutane ya taho. Ya tsaya gabana, ya sunkuyar da kai. Babu danga, babu Wule. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Inna, taho."

Bai taɓa ce mini haka ba.

Na kama. Muka taka, ruwa na ta haukansa a ƙarƙashinmu, ko gefen zanena bai taɓa ba. A tsakiya na tsaya na leƙa shi, na yi wa mahaifinsa addu'a, na yi kuka son raina, ban ɓoye wa kowa ba. Sannan muka ƙarasa.

Uwaisu. Uwaisu ɗana.

Ga shi nan na rubuta. Mai son yin gulma ya zo ya tsaya a kan gada ya yi.